Tarihin Ɗan Makaranta da Fassarar Latin

Duk wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci da takardar shaida a hannu ya riga ya ci gādon Rumawa, ko ya sani ko bai sani ba. Baƙaƙen nan na boko da ya sha wuyar koyo, asalinsu na harshen Latin ne, watau harshen mutanen birnin Rum na ƙasar Italiya. Ɗan ƙari kawai aka yi musu, kamar ƙugiyar da a ke sa wa ɓ da ɗ da ƙ, don su dace da bakin Bahaushe. Sunayen watannin Turawa kuma, tun daga Janairu har Disamba, duk can suka samo asali. Har dinarin nan da a ke ji cikin littattafan fikihu sunan kuɗin Rumawa ne, ya biyo ta bakin Larabawa.

Shi harshen kansa ya fi shekara dubu da rasa al'ummar da ke tsotsonsa a nono. Duk da haka yaran Turai suka yi ta koyonsa a makaranta ƙarni bayan ƙarni, gama shi ne harshen ibada a coci, da na shari'a, da na likitanci, da na wasiƙun sarakuna. Wanda bai iya shi ba, ba a lasafta shi cikin masu ilmi. Kowace safiya a kan ɗora wa yaro 'yan jimloli a ce ya juya su cikin harshensu, ko kuwa ya juya nasu zuwa Latin. In ya kasa, sai bulala. Saboda haka tun ranar da aka soma wannan karatu yaro ke waige-waige, yana neman mai agaza masa.

Mai karatu ya iya yin mamaki, ya ce ina abin neman agaji a jimla mai kalma uku? To, ga misali. Da Latin a kan ce da doki equus, manomi kuwa agricola, portat kuma ma'anarsa yana ɗauke da. In aka rubuta Equus agricolam portat, an ce doki yana ɗauke da manomi, ba gardama. Amma in aka rubuta Equum agricola portat, ga doki dai shi ne a gaba kamar dā, sai yaro ya yi zumbur ya ce doki yana ɗauke da manomi. Ya faɗi ke nan. Manomin ne ya saɓa dokin. Da Hausa da Ingilishi, jerin kalmomi ke nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. Latin kuwa ba ruwansa da jeri, wutsiyar kalma ya ke dubawa. Equus ya zama equum, agricolam ya zama agricola, shi ke nan magana ta juye.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin nahawu a zaure ya san irin wannan, don i'irabi ne: Zaidun, Zaidan, Zaidin. Sai dai na Larabci uku ne, na Latin shida, ga mufradi ga jam'i. Sunaye sun kasu gida biyar, kowane gida da irin wutsiyoyinsa, fi'ili guda kuma ya kan sāke kama fiye da sau ɗari. Wannan shi ne kayan da a ke aza wa yaro mai shekara bakwai.

Tun Rumawa na kan ganiyarsu an yi masu wannan fama. Da yawa daga mutanen Masar da Sham na lokacin Yunananci su ke yi, amma mai son aikin soja ko na shari'a yana bukatar Latin. An tono tsofaffin takardu cikin rairayin Masar, an ga yadda a ke taimakonsu. A kan raba shafi gida biyu, Latin a ɗaya gefe, Yunananci a ɗayan, kalma biyu ko uku a kowane layi. A cikin littattafan koyo na wannan zamani har da labarin yinin yaro: ya tashi, ya wanke fuska, ya sa riga, ya gai da iyaye, ya tafi makaranta. A birnin Rum kuma, wajen shekarar 350, wani malami mai suna Donatus ya rubuta ɗan littafin nahawu na tambaya da amsa, wanda aka yi ta haddacewa fiye da shekara dubu.

Mulkin Rumawa na yamma ya faɗi a 476. Latin na bakin talakawa ya yi ta sākewa a hankali har ya zama Italiyanci, da Faransanci, da Sifaniyanci, da Fotugisanci, na littafi kuwa ya tsaya inda ya ke. Ilmi ya yi ƙaranci ƙwarai, har limaman coci kansu suna tuntuɓe a kan wutsiyoyin nan. A ƙasar Bavaria ta Jamus an sami wani limami wanda in ya zo yi wa mutane baftisma, maimakon patris da filii, watau na uba da na ɗa, sai ya ce patria da filia, watau ƙasar haihuwa da 'ya mace. Babban limamin ƙasar, Boniface, ya ce lalle a sāke wa mutanen baftisma. Magana ta kai har gaban Paparoma Zakariya, shi kuwa a 746 ya yanke cewa tun da rashin sanin nahawu ne ya jawo, ba ɓatan aƙida ba, abin da aka yi ya yi.

A Ingila abin ya fi muni, domin mahara daga arewacin Turai sun ƙone gidajen ibada da yawa tare da littattafansu. Sarki Alfred, wanda ya hau gadon sarauta a 871, ya rubuta da baƙin ciki cewa sa'ad da ya hau, kaɗan ne ƙwarai a ƙasar za su iya juya wasiƙa guda daga Latin zuwa Ingilishi, kudu da kogin Thames kuwa bai tuna ko mutum ɗaya ba. Abin da ya yi ya isa a tsaya a kansa. Ya aika aka kirawo masa malamai daga Wales, da Faransa, da Jamus, ya zaunar da su a fādarsa, shi kansa ya zama almajirinsu. Malaminsa Asser ya ce a 887 ne sarkin ya soma karanta Latin yana fassarawa, lokacin yana gab da shekara arba'in, ga yaƙi, ga ciwo da ke damunsa kullum. Gemu dai bai hana ilmi ba. Su kan warware masa jimla, in ya fahimta sai ya mai da ita Ingilishi, wani wuri kalma da kalma, wani wuri ya bi ma'ana. Bai kuwa ɓoye ba. A gabatarwar littafin da ya fassara ya ambaci sunayen mutum huɗu da suka taimake shi.

Bayan Alfred da kamar shekara ɗari aka yi malamin da ya fi kowa tausayin yara a wannan fage. Sunansa Aelfric, ɗaya daga masu zuhudu, watau mutanen da suka rabu da harkar duniya suka keɓe a gida guda don ibada da karatu. Yana koyarwa a wani ƙauye mai suna Cerne, a kudancin Ingila. Ya lura littattafan nahawun Latin duk da Latin aka rubuta su, ga shi kuwa yaro bai ji Latin ba tukuna, kamar a kulle ɗaki ne a bar mabuɗin a ciki. Sai ya rubuta nahawun da Ingilishi, ya haɗa da ɗan ƙamus wanda ya jera sunayen abubuwa iri iri: gaɓoɓin jiki, tsuntsaye, kifaye, itatuwa, kayan gida.

Abu na uku da ya rubuta shi ya fi daɗi. Hira ce da Latin tsakanin malami da almajirai, kowane yaro a ba shi sana'a ya tsaya a matsayin mai ita. Wannan manomi, wancan makiyayi, ga maharbi, ga masunci, ga falke, ga baduku, ga mai gishiri, ga mai tuya. Malam ya yi tambaya, yaro ya amsa da gajerun jimloli. Manomi ya ba da labarin yadda ya ke fita da asuba ya ɗaura wa shanu karkiya, da yaronsa mai tsinken kora wanda muryarsa ta dushe don sanyi da ihu, ya ƙare da kukan cewa aikin da wuya, gama shi ba ɗa ba ne. Masunci ya ce shi kam ba ya zuwa kamun manyan kifayen teku, gara wanda zai iya kashewa da wanda zai nutsar da shi. Falke ya lasafta hajarsa, alharini da hauren giwa da tagulla da ƙarau. Daga baya gardama ta tashi a kan wace sana'a ta fi, aka ba manomi gaba don shi ke ciyad da kowa. Yaro na wasa, wutsiyoyin kalmomi na shiga kansa. Amma ko a wannan hira mai daɗi bulala na rataye, don tun a farkonta yaran suka ce sun gwammace dūka da zama cikin jahilci, suna fata dai malam ba zai doke su ba sai sun tilasta masa.

Ko hirar ma ta fi ƙarfin waɗansu. A wani kofi nata da ke ajiye a babban ɗakin littattafai na Ingila a Landan, wani wanda ba a san sunansa ba ya bi ta layi layi, ya rubuta ma'anar kowace kalma da Ingilishi a bisanta da ƙananan baƙaƙe. Almajirin ilmi na ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Haka malam ke jan baƙi kalma kalma yana ba da Hausarta, ɗalibi na sa ɗan rubutun ajami a gefe don kada ya mance. A Barno ma akwai tsofaffin Alƙur'anai na hannu, tun na ƙarni na 17, masu fassarar tsohon Barbarci a tsakanin layuka. Ko'ina aka yi karatu da harshen da ba na gida ba, hannu ya kan kai ga wannan dabara.

Kada a zaci maki kaɗai a ke nema da wannan wahala. A Ingila an yi zamanin da layi biyu na Latin ke tsakanin mutum da igiya. Bisa dokar dā, ma'aikacin coci in ya yi laifi kotun coci ke yi masa shari'a, ita kuwa ba ta rataya. To, yaya za a gane ma'aikacin coci? Aka ce a miƙa masa littafi, in ya karanta Latin, shi ne. Da karatu ya yaɗu sai kowane mai laifi da ya taɓa zama a aji ya riƙa neman wannan gata. Wurin da a kan buɗe kusan kullum guda ne, farkon Zabura ta 51, har mutane suka sa masa suna ayar wuya. Waɗanda ba su san ko baƙi ɗaya ba su kan nemi mai biya musu a kurkuku, su haddace, ran shari'a su riƙe littafi su zuba. A 1598 Ben Jonson, mashahurin marubucin wasan kwaikwayo, ya kashe wani ɗan wasa a faɗan takobi. Shi kam ya iya Latin na gaske. Ya karanta, aka yi masa lalas a babban yatsa don kada ya sāke neman gatan, aka sake shi. Sai a 1706 aka soke jarrabawar karatun.

Da injin buga littattafai ya fito a Jamus wajen 1450, ɗan littafin Donatus na cikin abubuwan farko da aka buga, don kasuwarsa ba ta mutuwa. Makarantun nahawu suka yawaita a garuruwan Ingila. Yaro ya kan shiga aji da ƙarfe shida na safe, ba ya tashi sai wajen biyar na yamma, kusan duk a kan Latin. Malamai suka riƙa tsara jimlolin Ingilishi na yau da kullum don yara su juya, na William Horman da aka buga a 1519 sun kai wajen dubu uku. Da yawa cikin irin jimlolin nan kukan yaran ne da kansu malam ya tsince ya mayar musu: sanyi ya hana ni riƙe alkalami, an sace mini littafi, a gida ina barci har rana ta ɗaga, yanzu kuwa tun da duhu a ke tashe ni. Wajen 1540 Sarki Henry na Takwas ya yi doka cewa nahawu guda za a koyar a ƙasar duka, wanda a ke kira da sunan William Lily, aka kuwa yi wajen shekara ɗari uku a kansa ana ɗan gyaggyarawa.

Tsanani ya yi yawa a makarantun wannan zamani. A Jamus a kan naɗa wani yaro a asirce, a kira shi lupus, watau kyarkeci, aikinsa ya rubuta sunan duk wanda ya ji yana Jamusanci. Waɗanda suka yi makarantar kwana a ƙasar nan lokacin da a ke hukunta mai yin harshen gida sun san ɗanɗanon abin. Martin Luther, wanda ya girma ya girgiza cocin Turai, ya ce an taɓa dūkansa sau goma sha biyar a safiya ɗaya a kan darasin da ba a koya masa ba.

Ran 10 ga Disamba 1563, ana annoba a Landan, Sarauniya Elizabeth ta Farko tana zaune a Windsor. Manyan fādawanta na cin abinci a ɗakin Sakatare William Cecil, sai ya ba su labari cewa waɗansu yara sun gudu daga makarantar Eton don tsoron dūka. Gardama ta kaure, waɗansu na cewa bulala ita ce takobin makaranta, waɗansu na cewa ita ke korar yara daga ilmi. A cikinsu akwai Roger Ascham, wanda ya koya wa sarauniyar Latin da Yunananci tun tana budurwa. Bayan an watse sai wani dattijo, Richard Sackville, ya jawo shi gefe ya faɗa masa cewa shi kansa wani mugun malami ne ya fitar masa da son karatu tun bai cika sha huɗu ba, yana nadama har yau, ba ya kuwa so jikansa ya bi sawunsa. Ya roƙe shi ya rubuta yadda ya kamata a koyar. Ascham ya rasu a 1568, matarsa ta buga littafin a 1570.

Ga hanyar da ya shimfiɗa. Malam ya ɗauki gajeriyar wasiƙa ta Cicero, gwanin maganar Rumawa, ya gaya wa yaro dalilin rubuta ta da abin da ta ƙunsa. Sa'an nan ya fassara masa ita da baki, ya maimaita har yaro ya gane, ya bi kowace kalma ya nuna masa aikinta. Kāna yaro ya koma gefe shi kaɗai, inda ba mai raɗa masa, ya rubuta fassarar da Ingilishi. Malam ya karɓe littafin Latin, a dakata sa'a guda ko fi, yaro ya mai da Ingilishinsa zuwa Latin a wani littafin rubutu dabam. A ƙarshe a ajiye nasa kusa da na Cicero a gwada. Inda ya dace a yaba masa, inda ya kauce a nuna masa abin da Cicero ya sa, ba tsawa ba harara. Watau malam ya ba da taimakon duka tun da fari, a fili, ya bar wa yaro aikin da ba mai iya yi masa.

Ascham ya kuma yi wani gargaɗi wanda ya nuna ya san yara. Ya ce kada malam ya bari almajiri ya ji tsoron tambayarsa, domin in tsoro ya yi yawa yaro zai nemi wata ɓarauniyar hanya, ko ya leƙa wani littafi, ko ya sa wani yaro ya raɗa masa, ya ruɗi malam, ya fi ruɗin kansa. An yaba littafin, an yi ta buga shi, amma bulala ba ta sauka daga bango ba. Malami mai yara sittin a ɗaki ɗaya ba shi da sa'a gudar da zai ba kowane, Ascham kuwa 'yar sarki guda ya koyar.

An sami waɗansu masu neman sauƙaƙawa bayansa. Comenius, mutumin ƙasar Cek, ya fitad da littafi mai hotuna a 1658, kowane abu cikin hoto da lambarsa, ga sunansa da Latin ga shi da Jamusanci. Amma abin da Ascham ya ji tsoro shi ya auku, ya kuwa zama sana'a. Thomas Hughes, wanda ya yi makarantar Rugby, ya bayyana shi cikin littafinsa Tom Brown's School Days na 1857. Labarin ƙagagge ne, al'adun makarantar kuwa na gaske. Sau uku a mako a kan ba yara batu su tsara 'yan baitoci na Latin a kai. Da ya ke batutuwan kan komo shekara shekara, sai yara suka riƙa tara amsoshi cikin littattafan rubutu, mai fita ya bar wa na baya gādo. Haɗarin kawai shi ne yara uku su miƙa baiti iri ɗaya da safe guda. Ƙarfafan yara kuwa ko wannan wahala ba su yi, sai su sa wani ƙaramin mai ƙwaƙwalwa ya yi musu, in ya ƙi ya sha dūka. Masu buga littattafai su ma suka ga kasuwa. Daga 1848 Henry Bohn ya shiga fitad da fassarar manyan littattafan Latin da Yunananci kusan kalma da kalma, da araha. Don manya masu karatun kansu abin alheri ne, amma da yawa sun ƙare a ƙarƙashin tebur. Yaran Amurka suka sa wa irin wannan littafi sunan ƙuru, ɗan dokin nan, wai don shi ke ɗaukar wanda ya kasa tafiya.

Ba wanda ya ba da labarin wannan fama da ban dariya kamar Winston Churchill, cikin littafin ƙuruciyarsa na 1930. Ran da aka kai shi makarantar kwana yana da shekara bakwai, malam ya miƙa masa nahawu ya ce ya haddace sāke-sāken kalmar mensa, watau tebur. Ya haddace, amma ya ga ɗaya daga cikin shidan an ce na kira ne. Ya tambayi ma'anarsa, aka ce da shi a ke amfani in za a yi wa tebur magana. Yaro ya ce shi bai taɓa yi wa tebur magana ba. Malam ya ce in ya sāke rashin kunya zai sha hukunci mai tsanani. Tambaya ce ta gaskiya, irin wadda Ascham ya ce a yi maraba da ita, daga ranar kuwa yaron da Latin suka ɓata.

A 1888 ya zauna jarrabawar shiga Harrow. In ji shi, a takardar Latin sunansa kawai ya rubuta da lambar tambaya ta ɗaya, sai ɗigon tawada, ya zauna sa'a biyu yana kallonsu. Aka dai ɗauke shi, aka sa shi a ajin ƙarshe. A can ya ƙulla cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wani babban ɗalibi wanda ke karanta Latin kamar ruwa amma rubutun insha'i da Ingilishi ke ba shi tsoro. Kullum babban ya fassara masa layukan da aka ba shi, shi kuwa Churchill ya riƙa kai da kawowa a ɗaki yana shifta masa insha'in da zai kai wa shugaban makaranta, Malam Welldon. Rana ɗaya insha'i ya yi kyau fiye da kima. Shugaba ya kira babban ɗalibin yana so su tattauna ra'ayin da ya gani a ciki, ɗalibi ya yi ta inda-inda, da kyar ya fita. Ya komo jiki na rawa, ya roƙi abokinsa ya riƙa sassautawa. Welldon ɗin nan kuwa ya taɓa keɓe ɗan lokaci sau uku a mako yana koya wa Churchill Latin shi kaɗai, ga taimakon gaske a hannu, amma ya zo a makare. Churchill ya riƙe Firayim Ministan Ingila sau biyu, ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1953 saboda Ingilishinsa. Latin kam bai iya ba har ya mutu.

Wani abin da yaran zamanin ba su sani ba, shi ne mai nahawun ma an taimake shi. Littafin da ya gāji na Lily a yawancin makarantu, wanda ya fito a 1888 da sunan Farfesa Benjamin Kennedy na Cambridge, 'ya'yansa mata biyu, Marion da Julia, su suka yi babban rabo na aikinsa, uban ya riga ya tsufa ƙwarai. Ba a sa sunansu a bango ba. A lokacin jami'ar ba ta ba mata digiri, ba ta kuwa soma ba sai 1948.

Duk inda jarrabawar Ingila ta je, Latin ya bi ta. Makarantar nahawu ta mishan da aka buɗe a Ikko a 1859 da yara shida ta koyad da shi, Kwalejin Jami'a ta Ibadan kuma ta buɗe a 1948 da sashen Latin da Yunananci. A nan Bola Ige, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kaduna, ya yi karatu, daga baya ya zama gwamnan Jihar Oyo a 1979, mutane na yi masa laƙabi da Cicero don iya magana. Wahalar yaron Afirka ta Yamma riɓi biyu ce, domin daga baƙon harshe ya ke fassarawa zuwa wani baƙon harshe, kuma da wuya a sami wanda zai duba masa a gida.

A 1960 jami'o'in Oxford da Cambridge suka daina tilasta wa kowane mai neman shiga ya zo da shaidar Latin. Bayan 'yan shekaru cocin Katolika ya yarda a yi ibada da harsunan gida. Masu koyo suka ragu ƙwarai, makarantu da yawa suka sauke darasin. Waɗanda suka riƙe shi suka sāke salo, littafin koyo da aka fitar a Cambridge a 1970 ya soma da hotuna da labarin wani gida na birnin Pompeii, kusan yadda Comenius da mutanen dā suka yi. A 2010 kuma kamfanin Google ya sa Latin cikin harsunan da na'urarsa ke fassarawa, ƙurun ya koma cikin wayar hannu.

Hirar Aelfric kuwa ba a daina karanta ta ba, sai dai abin ya juye. Ingilishi ya sāke ƙwarai cikin shekara dubu, har Baturen Ingila na yau ba ya gane ƙananan baƙaƙen nan da aka rubuta bisa layuka sai an koya masa. A 1897 wani masani, Henry Sweet, ya tsamo su ya gyara jerinsu don masu koyon Ingilishin dā, suka zama darasin farko a jami'o'i. Ɗalibin da ya kakare a kan maganar manomi da shanunsa, in ya taɓa Latin, sai ya leƙa layin ƙasa ya ga abin da a ke nufi.